Wutar Tsohuwar Masaƙa

Sati uku da dawo da ita garinsu a matsayin shugabar tashar rarraba wutar lantarki, Injiniya ta gane cewa akwai abin da ba daidai ba a layi na huɗu.

Layuka biyar ne ke fita daga tashar, kowanne da allurarsa a jikin allon ƙarfe, mai nuna yawan wutar da ake ja. Na ɗaya na asibiti da ofisoshi ne, na biyu na kasuwa, na uku da na biyar na unguwanni. Na huɗu kuwa na tsohuwar masaƙa ne, wadda aka rufe shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba a bar komai a kansa ba sai ƙwan fitila guda a ɗakin maigadi. Amma kullum ƙarfe takwas na safe sai allurarsa ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta. Ƙarfe ɗaya ta kwanta, ɗaya da rabi ta sake tashi, sai ƙarfe huɗu ta faɗi gaba ɗaya. Wutar da take nunawa ta isa ta juya injina ɗari biyu.

Ta sa aka canza allurar. Sabuwar ma ta ɗora daga inda tsohuwar ta tsaya.

"Ranki ya daɗe, da kin tambaye ni da ban bari kin ɓata sabuwar allura ba," in ji Dogo, mai hawa falwaya. Gajere ne kakkaura, tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa sunan don tsokana, ya bi shi har furfura. "Wanda ya riga ki zama a kujerar nan sau uku yana canzawa."

"To me ya hana shi sauke layin?"

"Ya sauke. Wata Talata, ƙarfe goma sha ɗaya. Bayan minti goma aka kira shi daga gida, ya dawo da gudu ya mayar." Dogo ya sosa ƙeya. "Kawunsa tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Daga ranar hannun tsohon na dama bai sake motsi ba. Shi kuma ya nemi canjin wurin aiki, ko sallama bai yi mana ba."

Injiniya ta yi tsaki a ranta. Ita dai abin da ta sani, kason wutar da ake turo wa garin ƙayyadadde ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku yana zurarewa ta layin nan. Wani ne ke satar wuta, ba wani abu ba.

A garin nan babu gidan da bai ci daga masaƙar ba. Shekara talatin tana kaɗa zare iri ɗaya, tana sayar wa kamfani ɗaya a wata ƙasa ta ƙetaren teku. Manoma suka bar komai suka koma auduga, direbobi auduga suke ɗauka, mai shayin bakin ƙofa ma sai an busa jiniyar masaƙa yake ciniki. Ranar da kamfanin ya sami zare mai araha a wani wuri, ma'aikata suka zo da safe suka tarar manaja ya kwashe kayansa. Magatakarda ya leƙo ta taga ya ce, "Ku je ku dawo gobe." Tun daga nan garin ya zauna kamar wanda aka zare wa laka.

Yayar Injiniya ce ta fara ɗaga kai. Ta tara mata da matasa a wani tsohon sito, suka soma matse man riɗi. Daga baya suka ƙara busar da mangwaro, da sabulu, da ɗinkin takalman fata. Yanzu masu saye huɗu gare su a ƙasashe uku, kuma Yaya takan ce ko mutum ya zo da kuɗi cike da mota ba za ta ba shi duka kayanta ba. Matsalarsu ɗaya ce: wuta. Da janareta suke aiki, rabin yini, man dizal yana cinye ribar.

"Auta, ke ce fa mai wutar garin nan," Yaya ta ce mata da safe, tana zuba wa mahaifinsu shayi. "Injin busar da mangwaro wata biyu yana cikin akwatinsa. Mutum arba'in na rubuta sunayensu suna jiran aiki. Kullum sai su tare ni a hanya, har kunyar fita nake ji."

"Yaya, ba a aljihuna wutar take ba."

"To a aljihun wa take?"

Baba ya shanye shayinsa, ya ɓalle maɓallan hannun rigarsa ya naɗe su zuwa gwiwar hannu, ya gyara zama a kujerarsa ta katako da ke baranda. Takwas saura kaɗan ya lumshe ido. Haka yake yi kullum, in ji Yaya, shekara da shekaru. Sai ƙarfe ɗaya ya farka ya ci abinci cikin gaggawa, ya koma. Likita ya ce tsufa ne, kuma tsofaffi da yawa a garin haka suke.

Ranar Litinin, wajen ƙarfe goma sha biyu, Injiniya ta ɗauki Dogo a motar aiki suka bi layin falwaya bayan falwaya, suna neman inda aka maƙala wayar sata. Babu. Wayoyin sun tafi sumul har cikin katangar masaƙa.

Maigadin yana zaune a inuwar ƙofa, babbar ƙofar kuma a wangale. Ya amsa gaisuwarsu, ya dubi rana, ya ce, "Da kun ɗan dakata a tashi hutu."

"Su wa za su tashi hutu, Baba Maigadi?"

"Ni dai buɗewa aka ɗauke ni in yi, da rufewa." Ya kawar da kai. "In za ku shiga, ku bi ta tsakiya. Kada ku raɓi injin."

Zauren kaɗin zaren ya fi yadda ta tuna girma. Rana tana shigowa ta ɓulolin rufin kwano, tsiri-tsiri. Injinan suna jere layi-layi, tsatsa ta ci su, yanar gizo ta lulluɓe ƙafafunsu, bel ɗin wasu ya tsinke yana reto. Babu abin da ke motsi. Babu ƙara. Amma tana taka daɓen simintin ta ji shi yana rawa a ƙarƙashin takalminta, rawar tana hawa ƙafafunta har haƙoranta suka soma kaɗawa. Iskar wurin da ɗumi, tana warin baƙin mai da gumi. A cikin tsirin hasken kuma ɓurɓushin auduga ne ke yawo, fari tas, alhali rabon da a shigo da auduga wurin nan shekara goma sha ɗaya.

Ta kai bayan hannunta jikin wani inji, ta janye da sauri. Zafi zau.

"Ranki ya daɗe," in ji Dogo, muryarsa ta koma ta yaro, "ni fa ko a saman falwaya ban taɓa jin ƙafata ta yi sanyi haka ba. Bari in je in duba ko mun kulle mota."

Ya fita. Ita kuwa ƙafarta ta ja ta zuwa layi na uku, inji na bakwai daga bango. Nan ne wurin Baba. Tana yarinya takan kawo masa abinci, ta tsaya daga bakin ƙofa tana hango shi yana ƙulla zaren da ya tsinke da yatsu biyu, ba tare da ya duba ba. Ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashin injin ko za ta ga wata waya. Gefen mayafinta ya zame daga kafaɗa yana lilo kusa da ƙafar da bel ke zagayawa.

Sai wani ya yi gyaran murya dab da kunnenta, irin na wanda auduga ta daɗe a ƙirjinsa.

Ta miƙe zumbur ta waiwaya. Babu kowa. A daidai lokacin rawar daɓen ta lafa a hankali, ta tsaya cak. Ta dubi agogonta: ƙarfe ɗaya.

Ba ta kai ƙofa ba wayarta ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, kina ina? Baba ne ya farka yana ta faɗa. Wai wa ya bar ki kika shiga zaure ana tsakiyar aiki. Wai in gaya miki ki riƙa ɗaure mayafinki, saura ƙiris bel ya kama shi." Yaya ta yi dariya. "Kin ji tsufa. Auta? Kina jina?"

"Ina jin ki," ta ce.

Ba ta koma tasha ba. Gida ta wuce, ta jawo kujera ta zauna gaban mahaifinta, wanda ya riga ya koma barci. A karon farko ta dube shi da kyau. Hannayensa suna kan cinyarsa, babban yatsa da manuni suna ta murzawa, suna ƙullawa, suna saki. Gumi yana tsattsafowa a goshinsa duk da iskar baranda. A gefen manuninsa akwai siririn yanka sabo, irin wanda zare ke yi. Ta kai hannu gashin kansa ta ciro wani abu fari. Ba furfura ba ce.

Ƙarfe huɗu ya buɗe ido, ya yi miƙa, ya ce wash. Ta miƙa masa ruwa.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya dube ta ta saman kofin. Bai musa ba. "Yawwa," ya ce.

"Ku nawa ne?"

"Da mun fi ɗari biyu. Yanzu sittin da 'yan kai, sauran sun riga mu gidan gaskiya. Kowa yana riƙe da inji uku ko huɗu. Ba-Zama ba ya yarda a kashe ko ɗaya."

Ta tuna Ba-Zama. Shi ne shugaban ma'aikatan zaure, sunan ya samo asali daga abin da yake faɗa in ya ga mutum ya jingina da bango. Yanzu ya haura tamanin, idonsa ya tafi, yana kwance a gidan 'yarsa a bayan kasuwa.

"Baba, zaren da kuke kaɗawa, ina yake zuwa?"

"Sito. Kafin mai saye ya aiko."

"Na leƙa siton. Jemagu ne a ciki."

Ya juya kofin a hannunsa. "Cewa aka yi mu dawo gobe," ya ce a hankali. "Babu wanda ya zo ya ce kada mu dawo."

Hawaye suka cika idonta, amma ta daure ta gaya masa komai: wutar da ke zurarewa, injin Yaya da ke cikin akwati, mutum arba'in da ke jira, cikinsu har da jikokin abokan aikinsa. Ta ce ranar Alhamis za ta sauke layin, a kwance wayoyin a mayar da su ma'aikatar Yaya.

Ya ajiye kofin a ƙasa. Can ya ce, "Ba a yanke wa inji wuta yana gudu, Auta. Zare yakan tsinke gaba ɗaya, bel ya yi baya, duk hannun da ke kusa ya tafi. In za ki yi, ki bari a tashi. Ki ga allurarki ta kwanta tukuna."

"Na yi alkawari."

"Zan gaya musu gobe. Bai kamata mutum ya zo aiki ya tarar da duhu ba tare da an sanar da shi ba. An yi mana sau ɗaya."

Ranar Alhamis tun ƙarfe uku Dogo da mutanensa suka jingina tsani a falwayar ƙofar masaƙa suna jiran kiranta. Ita tana tsaye gaban allon, hannunta kusa da sandar da ake ja a sauke layin. Huɗu saura minti biyar. Saura minti ɗaya. Huɗu ta buga.

Allurar ba ta motsa ba.

Huɗu da minti goma. Da kwata. Ta kira Yaya.

"Baba ya farka?"

"Bai farka ba. Na girgiza shi, na kira sunansa, ko gezau. Jiƙe yake sharkaf da gumi. Auta, me ke faruwa ne? Maƙwabciyarmu ma ta leƙo, wai nata tsohon bai tashi ba."

Nan ta gane. Ba-Zama ya hana a tashi. Ya san ba za ta ja sandar ba muddin injinan suna gudu, don haka ba zai bari su tsaya ba, ko da kuwa tsofaffin nan za su faɗi ɗaya bayan ɗaya a kan ƙafafunsu.

"Yaya, kada ki kashe wayar. Ki sa ta a kunnensa."

Ta ji numfashinsa, sama-sama, kamar na mai hawan tudu.

"Baba, Auta ce. Huɗu ta wuce. An tashi. Babu mai saye, Baba, ba zai aiko ba. Ka yi aikinka, ka gama. Ka dawo gida, Yaya ta ɗora ruwan wanka."

Ba ta san sau nawa ta maimaita ba. Biyar saura kwata allurar ta ɗan yi ƙasa, kamar faɗin farce. A cikin wayar ta ji tari, sannan muryarsa a dashe.

"Na kashe nawa," ya ce. "Na ce masa na gaji. Shekara arba'in ban taɓa ce wa mutumin nan na gaji ba."

Bayan minti biyu allurar ta sake sauka. Sannan ta sake. Injiniya ta tsaya tana kallo, tana jin kamar tana ganinsu: kowa ya kashe nasa, ya goge hannu, ya bi ta tsakiya ya nufi ƙofa ba tare da ya dubi shugabansa ba. Kafin biyar da rabi allurar ta kusa kwanciya. Saura ɗan tsinin da bai wuce na inji ɗaya ba. Nan ta kafe.

Dogo ya kira. "Ranki ya daɗe, rana tana gudu. In ta faɗi ba mai hawa. Gobe da takwas kuma kin san za su koma."

Ta nemo lambar 'yar Ba-Zama, malamar makaranta ce, ajinsu ɗaya suna yara. Ta roƙe ta ta tashi mahaifinta ko ta halin ƙaƙa.

"Tun huɗu nake fama," in ji malamar. "Na yayyafa masa ruwa, na zaunar da shi. Ke me ya haɗa ki da barcinsa?"

"Ki sa masa wayar a kunne."

Ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi ko ita 'yar wace ce. Ta ce kowa ya tafi, shi kaɗai ya rage, ya taimaka ya kashe ya fito. Ba ta ji komai ba sai numfashi. Can, ba tare da ya farka ba, tsohon ya yi magana, murya garau kamar ta ɗan shekara arba'in.

"Ban ga takarda daga ofis ba."

Ta jira har shida. Ta jira har shida da minti goma, inuwar tagar ta kai ƙarshen ɗakin. Allurar tana nan. Ta yi tunanin tsofaffi sittin da za su sake lumshe ido gobe, da yadda mahaifinta ke numfashi ɗazu, da abin da zai faru ranar da Ba-Zama ya hana su hutun ƙarfe ɗaya ma. Ta kama sandar da hannu biyu, ta ce, "Allah Ka gani," ta ja.

Ƙarar ba ta wuce ta rufe ƙofar ƙarfe ba. Allurar ta kwanta.

Washegari Injiniya ba ta je aiki da wuri ba. Baba ya sha shayi, ya naɗe hannun riga, ya zauna, ya lumshe ido. Ita da Yaya suka tsaya a bakin ƙofa ko numfashin kirki ba sa yi. Minti ɗaya, biyu. Ya buɗe ido.

"Duhu ne a ciki," ya ce. Ya dubi hannayensa. Sai ya fashe da kuka, irin wanda ba su taɓa ganin ya yi ba ko a rasuwar mahaifiyarsu.

Da ta fito za ta shiga mota, ta ga tsofaffi tsaye a ƙofar gidaje, nan ɗaya can biyu, suna kare ido da hannu. Rabonsu da ganin hantsi shekara goma sha ɗaya. Wani yana tambayar jikarsa yaushe aka gina shagon da ke kallon gidansa.

Ba-Zama bai farka ba. Kwana uku yana kwance yana numfashi, ranar Lahadi da hantsi ya cika. Likita ya ce shanyewar jiki ce, ga kuma shekaru.

Kwana tara aka ɗauka kafin a ja wayoyin zuwa ma'aikatar Yaya. Aka fasa akwatin, injin busar da mangwaro ya tashi, janareta ya koma kusurwa aka rufe shi da buhu. Mutum arba'in ɗin suka fara aiki, kafin shekara ta zagayo sun zama ɗari da ashirin. Wani mai walda ya buɗe shago a kan layin, sai mai niƙa, sai wasu samari masu haɗa kujeru. Ba duka abin ya tafi daidai ba: mai sayen takalma ya janye a wata na bakwai, Yaya ta yi sati tana ciwon kai, amma mai da sabulu suka riƙe ma'aikatar har aka sami wani. Tsofaffi bakwai suka karɓi aikin kula da injina, suna koya wa matasa, suna zaginsu da son jiki. Baba bai karɓa ba. Ya je sau ɗaya, ya saurari injin matse mai, ya ce a ɗaure wata ƙusa kafin ta ɓalle, ya fito. Ya koma yawo a gari da sandarsa, yana zama wurin masu gyaran keke yana ba su shawarar da ba su nema ba.

Injiniya ta je yi wa malamar ta'aziyya a rana ta biyu da rasuwar Ba-Zama. Malamar ta amsa wa kowa, da aka zo kanta sai ta dube ta ta ce, "Ƙarfe shida da minti goma hannunsa ya saki nawa. Ke kina ina a lokacin?"

"Ina tasha."

"Na sani."

Malamar ba ta ƙara ce mata ko kalma ba, a ranar ko bayanta. Garin ƙarami ne, sukan haɗu a kasuwa ko a layin asibiti. Duk haɗuwa Injiniya takan tsaya ta gaishe ta, ta tambayi yara. Malamar takan gyara riƙon jakarta ta wuce.